Shi ko Ita a Cikin Kumbo

Mai gyaran rediyo ya daɗe yana shirya labarin wani kumbo da ya bar duniya da fasinjojinsa, amma ko babi ɗaya bai rubuta ba. A ganinsa ba a tashin jirgi sai an san waɗanda ke ciki. Don haka ya share gefen teburin shagonsa, kusa da gwangwanin kusoshi, ya jera su. Matuƙin tsohon batir ne da ya kumbura, ga shi da saurin fushi. Injiniyar ƙwan fitila ce, ba sa ga maciji da matuƙin. Yarinyar da aka haifa a hanya, uwarta ta rasu, ɗan ƙaramin fis ce. Kowannensu ya san abin da yake so da abin da yake tsoro.

Wanda ya gagare shi shi ne mai renon yarinyar, wanda a labarin ba ɗan Adam ba ne, wata tsohuwar lasifika da ya kifa a tsakiya. In ya ce mutum-mutumi, sai bakinsa ya ba shi "shi". In ya ce na'ura, sai ya ba shi "ita". Harshen kuwa bai bar wa mutum wurin raɓewa a tsakani ba, dole ka zaɓa.

Abin ya fi ƙarfin nahawu, shi ma ya sani. Tun da matarsa ta rasu shi kaɗai ya reni 'yarsu, kuma yana tsoron akwai abin da ta rasa wanda hannunsa bai iya bayarwa ba. Bai taɓa tambayarta ba, don yana gudun amsar.

Da yamma 'yar ta biyo daga asibitin da take aikin jinya, ta zauna a benci tana cire takalmi.

"Baba, har yanzu mutanen naka ba su tashi ba? Batir ɗin nan zai mutu a tasha."

"Likita, bar ni da abin da ya dame ni," in ji shi, don haka yake tsokanarta. Sai ya hau ba ta labarin mai renon, yana nuna lasifikar da sukurdireba, yana cewa: Ya toshe ɓarakar iska. Ya ɗauki yarinyar ya ruga da ita da wuta ta kama. Ta auna zafin jikinta. Ta yi mata waƙa. Ta zauna ta yi mata kitso.

'Yar ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Baba. Ka ji kanka kuwa? In ana ɗaukar kaya ko kashe wuta, sai ka ce ya. Da an zo waƙa da kitso, sai ka ce ta."

Bai lura ba sam.

"Shi ya sa nake tunanin raba aikin renon biyu," ya ce a hankali. "In ƙara mace a kumbon. Yarinya ba za ta tashi daidai a hannun ɗaya ba."

"Wa ya yi min kitso har na gama firamare?"

Ya sunkuyar da kai yana murza wata waya da ba ta buƙatar murzawa.

"Ai ban iya ba."

"Ko kaɗan," ta ce tana dariya, idonta kuwa ya kawo ruwa. "A karkace yake fita, ana yi min dariya a aji. Matar maƙwabci ta sha cewa in zo ta gyara. Ban taɓa zuwa ba."

Wannan bai taɓa saninsa ba. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har ya ji kunyar daɗin da ya ji. Ya miƙa hannu ya matso da fis ɗin jikin lasifikar.

"To in na bar shi shi kaɗai, me yarinyar za ta riƙa kiransa?"

Ta mayar da takalminta, ta rataya jaka.

"Abin da nake kiran ka mana, Baba."