Fitsarin Tautau

Tun da aka kwantar da Natan a asibiti, jinyar Zipora ta zama biyu: ɗa a gado, gizo-gizo a kwalba. In za a faɗi gaskiya, ta kwalbar ta fi ba ta tsoro, domin shi ɗan ta san ciwonsa tun yana goye. Sikila ce. Ta hana shi ƙwallo, ta fitar da shi daga jami'a yana aji biyu, yanzu kuma ta gangaro ƙoda.

Wani saurayin in ciwo ya zaunar da shi a ɗaki, sai ya kama kiwon tantabaru ko zomaye kamar kowa. Natan kuwa sai da ya nemo abin da zai sa unguwa surutu. Wani mutum a Abuja ya sayar masa, direban motar haya ya kawo ta Keffi cikin 'yar roba: jaririyar gizo-gizo irin ta ƙasashen waje mai zama a kan bishiya, ba ta wuce farcen babban yatsa ba, shuɗiya kamar an tsoma ta a bula. Ya raɗa mata Lovelyn, sunan wata 'yar mawaƙan cocinsu da ta ƙi shi. Ya ce wannan dai ba inda za ta.

Ran da za a tafi da shi, yana murƙususu a kan katifa, ba ciwonsa yake faɗa ba.

"Mama, kada ki jiƙa mata ƙasa da yawa, zafi da laima ne ke kashe su. Ruwa a ɗan murfin kwalbar lemo kawai, sai ɗigo ɗaya a jikin yanar. Gyare ƙarami za ki ba ta. In ya kwana ba ta ci ba, ki fitar da shi, zai iya cizon ta."

"Kai da Allah rufe mini baki, ka ji da kanka."

"Ki yi mini alkawari zan dawo in same ta."

Ta yi masa. Me za ta ce?

Ga Zipora, malamar firamare mai ritaya, bazawara mai mutunci a zumuntar mata, tana durƙuso a bayan gida tana ɗaga duwatsu tana farautar 'ya'yan gyare. Da fari da ƙyama take yi, tana riƙe numfashi. Kwalbar doguwa ce ta roba, irin ta alewa, Natan ya huda gefenta ko'ina da ƙusa mai zafi don iska ta ratsa, ya kafa ɓawon itace a tsaye a ciki. Can sama, kusa da murfi, halittar ta saƙa wani farin kogo ta shige. Sai a buɗe a hankali, domin in ta firgita sama take zabura, ba ƙasa ba. A kwana a tashi Zipora ta san halinta, ta san yadda take miƙo ƙafafun gaba a bakin kogon in yunwa ta kama ta. Kullum in ta isa asibiti, kafin ta ajiye kular abinci Natan ya miƙo hannu a ba shi waya ya ga hoton ranar. Ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa, amma in ya ga hoton nan sai ya yi dariya. Wannan dariyar Zipora take kiwo, ba gizo-gizo ba.

Ana cikin haka wani abu ya feso mata a haƙarƙari. Ya fara da raɗaɗi kamar an goga barkono, sannan ƙuraje masu ruwa suka jeru daga ƙarƙashin nono suka zagaya zuwa gadon baya, gefe guda. Ko zane ya taɓa wurin sai ta cije leɓe.

Judit, ƙanwar marigayi mijinta, wadda ta taso daga Gitata don taya ta jinya, kallo ɗaya ta yi wa wurin ta tafa hannu.

"Yesu! Tautau ne wannan, Maman Natan. Ya yi miki fitsari."

"Wane tautau kuma?"

"Kina tambaya? Ga uban tautau kin ajiye a ɗaki, kina ba shi ci da sha! In ƙurajen nan suka zagaye suka haɗu, sai dai wani ba ke ba."

"Ba ta fita daga kwalba, Goggo."

"Ramukan jikin kwalbar fa, na ado ne?"

Judit ba muguwa ba ce, wannan ya kamata a faɗa. Ita ke daka, ita ke wanki, ita ke kwana a dandamalin asibiti ran da Zipora ta gaza. Sai dai mace ce da in ta ga yana a kusurwar ɗaki hannunta ke ƙaiƙayi, in ta yarda da abu kuma ko fasto ba ya juya ta. Matan zumunta da suka zo dubiya suka goya mata baya kaf, kowace da labarin wanda tautau ya yi wa fitsari a garinsu. Ita kanta Zipora da wannan sani ta tashi, haka uwarta ta faɗa mata. Akwai safiyar da zafin ya ishe ta, ta tsaya gaban kwalbar tana hararar abin ciki da ƙiyayya ta gaske. Sai ta tuna alkawari, ta ɗiga ruwan a jikin yanar ta rufe.

Ranar Talata ta daure ta nuna wa likitar da ke duba Natan. Likitar ta ɗaga rigar, ta duba, ta sauke.

"Mama, kin taɓa yin ƙarambau kina yarinya?"

"Na yi."

"To shi ne ya farka. Yana kwanciya a jijiya, in wahala ta yi wa mutum yawa sai ya taso. Babu ruwan gizo-gizo. Ki rufe wurin da kyau, kada Natan ya taɓa."

Zipora ta ji daɗi har ta kusa dariya. Amma likitar ba ta sallame ta ba. Ta jawo mata kujera, ta tura ƙofa, ta yi magana a hankali, irin maganar da tun kafin a gama ta mutum ya san ƙarshenta. Ƙodar ta gama. Jikinsa ba zai ƙara ɗaukar wankin ƙoda ba. Gara ya koma gida gobe, ya kwanta a gadonsa cikin 'yan uwansa.

Shi Natan sallama kawai aka gaya masa. Ta tarar da shi zaune an jingina masa filo, fuskarsa a sake, yana lissafin abin da zai yi in ya koma. Ta taya shi murna da fatar baki. Abu ɗaya ta riƙe a cikin keke har gida: alkawarin dai ta cika, zai dawo ya same ta.

Tun daga zaure ta ji ƙamshin sabulu. An fito da katifar Natan an shanya, an wanke labule, an goge taga. A kan bakin rijiya ga doguwar kwalbar a kife, an wanke ta tas tana ɗigar ruwa.

Judit ta fito tana goge hannu a zane, da fara'ar wadda ta yi aikin kirki.

"Ya bugo mini ya ce gobe zai dawo. Na ce yaro mai ciwo ba zai kwana ɗaki ɗaya da abin da ya cinye miki jiki ba. Tafasasshen ruwa na zuba, ko motsi bai yi ba."

Zipora ba ta yi ihu ba. Ta bi makwararar ruwan da ido har inda ɓawon itacen ya tsaya a cikin kumfa. A jikinsa ga wani ɗan abu a dunƙule, ƙafafu a naɗe, shuɗin ya koma toka-toka. Ta durƙusa ta ɗauke shi a tafin hannu. Wannan ne karo na farko da ta taɓa shi, kuma ba shi da nauyin komai.

"Ba tautau ba ne, Goggo," ta ce. "Ƙarambau ne."

"Ƙarambau kuma? A tsofai-tsofai da ke?"

Waya ta yi ƙara a cikin jakarta. Ta ciro da ɗaya hannun.

"Mama, kin isa?" Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma cike da zumuɗi. "Ki matso da teburin kusa da gado, ki ɗora ta a kai, saitin kaina. Ba na son sai na tashi kafin in gan ta."

Judit ta tsaya cak, fara'ar ta bar fuskarta.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina ji," in ji Zipora. "Zan matso da shi."