Gaisuwar Zagaye na Bakwai

Shekara goma sha shida matata Jimmai ta yi tana wanke wa 'yan besbol (wasan jifa da dukan ƙwallo) na wata jami'a a nan ƙasar Turawa kayan wasa, ni kuma ina laburare ina jera littattafan da ba mai karantawa. Ban taɓa zuwa kallo ba. Mutum tara su tsaya a rana suna jiran ɗaya ya yi kuskure, ai na saba ganin haka a taron dattawan coci.

'Yan wasan suna da camfi. In mai jifan ƙwallo yana cikin sa'a, ba wanda ya iya dukan jifarsa tun farkon wasa, to ba a yi masa magana, ba a ko zama kusa da shi, kada sa'ar ta karye. Jimmai ba ta san wannan ba. A kakar wasanninta ta farko ta hango wani dogon Bature, Justin, zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, duk an juya masa baya. Ta ajiye kwandon tawul, ta je ta dafa shi, ta ce da Hausa, "Sannu, ɗana. Ka ci abinci?"

Kocin lokacin har hularsa ya cije. Amma Justin ya ƙarasa wasan ba wanda ya taɓa ƙwallonsa, irinsa na farko a tarihin ƙungiyar. Shi ke nan camfi ya juya. Duk wasan gida, a zagaye na bakwai, sai Mama Jimmai ta gaida mai jifa. Sun ci kofi sau biyu, sun sha kashi ba adadi, ba ta fasa ba.

Bara muka binne ta. Bana sun yi wasa takwas a gida, sun ci ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi Justin, wanda yanzu shi ne koci, ya tuko mota har gidana a Pleasant Garden.

"Baba Bernard, yaran suna so ka zo ka yi gaisuwar."

"Ku koya musu jifa. Ya fi sauƙi."

"Na gwada. Na ma yi gaisuwar da kaina, sun ce ba ta yi kama ba." Ya murza hularsa. "In ba ka zo ba zan daina gaisuwar. Masu zuwa baɗi ba su san ta ba."

Na ba shi ruwa, na sallame shi. Sai dai maganar baɗin ta ƙi fita daga falon. A coci ma an riga an ba wata kujerarta a zumuntar mata.

Asabar da azahar na je, da littafi a aljihu saboda tsaro. A zagaye na bakwai Justin ya buɗe mini ƙofar shingen waya, na shiga wurin benci. Mai jifan, wani jibgegen saurayi, yana zaune yana girgiza ƙafa. Ana cin su huɗu da ɗaya.

Na ce, "Sannu, ɗana. Ka ci abinci?"

Ya miƙe, ya cire hula, ya ce da Hausar da suke koya wa juna shekara da shekaru, "Na ci, Mama. Na gode."

Na buɗe baki zan gyara masa, na fasa.

An ci su shida da ɗaya. A wurin ajiye motoci na tambayi Justin ƙarfe nawa ne wasan Talata.