Bencin Baya

Tun ranar da motar ikkilisiya ta kife da mawaƙa a hanyar dawowa daga taro, hannun daman Mai Ɗinki ya tashi daga zama nata. Shanyewar da ya yi daban, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne ya zama kayan aro. Duk mai son ya caccaki Direba sai ya ɗauki hannun nan ya kafa hujja da shi, ko izininta ba ya nema.

Da farko kowa ya ɗauka fashewar taya ce, aka yi jaje aka wuce wurin. Direba ne da kansa ya miƙe ana tsakiyar sujada, ba wanda ya tambaye shi, ya ce ya sha giya ranar kafin ya kama sitiyari. Taya ta fashe, gaskiya ne, amma da yana cikin hayyacinsa da ya riƙe motar. Dattawa suka sa shi a horo: ya koma bencin baya, bakin ƙofa inda ake jingine tsintsiya, kuma ba shi ba cin Jibin Ubangiji. Wa'adi ya cika aka ƙara masa, ya sake cika aka sake ƙarawa. Mai tsayawa kai da fata a kan ƙarin kuwa mijin Mai Ɗinki ne, babban dattijon ikkilisiya.

Kada wani ya ɗauka Mai Ɗinki waliyyiya ce. Kekenta na nan a kusurwar ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zane, yara sun mai da shi wurin ajiye kwanuka. Akwai safiyar da idan maɓallin riga ya gagare ta, takan ji da Direba na kusa da sai ta rafka masa kujera da hannun da ya rage. Haushinsa take ji, ba ta kuma ɓoye wa Allah hakan ba.

Amma ranar Asabar matar Direba ta tare ta a bakin famfo, ido ya yi jawur, ta ce mijinta ya ce gobe ce ranarsa ta ƙarshe a majami'a. Ba fushi ya yi ba. Ya dai gama yarda cewa Allah ya rufe masa ƙofa, to zaman me yake yi a bakinta?

Da safe Dattijo yana ɗaura mata ɗankwali, ɗaurin nan nasa mai kama da na buhun gawayi, sai ta ce, "Baban yara, yau ma tsallake shi za ku yi?"

"Dubi hannunki," in ji shi.

"Kullum ina dubansa. A jikina yake."

"Ni nake miki wanka. Ni na san abin da mutumin nan ya yi mana."

"Na sani, kuma na gode. Amma da ya ja bakinsa ya yi shiru fa? Da yau kai da kanka za ka miƙa masa faranti, har da murmushi. Giyar kuke hukuntawa ko faɗin gaskiyar?"

Dattijo ya ja ƙullin ɗankwalin har sai da ta ji a kunne. "Wannan maganar dattawa ce."

"To, hannun kuma nawa ne."

A majami'a wurinta sananne ne, layi na biyu, gefen taga. Matan zumunta har sun matsa sun bar mata wuri. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kawar da tsintsiya da ƙafa, ta zauna daram a bencin baya. Direba ya zabura zai tashi.

"Zauna," ta ce. "Ba don ina sonka na zo ba."

Ya koma ya zauna a can ƙarshen bencin, kamar wanda aka ɗora a kan garwashi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai ɗinki ko da hannu ɗaya ba ta rasa ganin irin wannan, kuma ganin ya ƙara mata haushi, don ba ta zo da niyyar jin tausayinsa ba.

Kawuna suka dinga juyowa. Wata daga cikin matan zumunta ta lallaɓo ta raɗa mata, "Mama, nan fa wurin masu horo ne."

"Wurin masu zunubi ne? To na zo daidai. Koma, kada a cinye miki wuri."

Fasto ya yi addu'a a kan gurasa da ruwan inabi, dattawa suka ɗauki farantai suka bi layi-layi. Ɓangaren ƙofa na Dattijo ne. A benci na kusa da na ƙarshe ya saba juyawa, yau kuwa matarsa na zaune a bayan wurin juyawar, ta kafe shi da ido. Ya tsallake matarsa a gaban jama'a? Ya tako, fuska a murtuke, ya miƙa mata farantin ta gefen da Direba ba ya nan.

Ta ɗauki gutsuren gurasa da hagu. Ba ta kai baki ba. Ta juya ta miƙa wa Direba.

"Kama gefe ɗaya."

"Mama, ban isa ba," ya ce.

"Wa ya isa? Ni da nake kwana ina tsine maka a zuci? Ba don mun isa ake ba mu ba. Kai ka raba ni da ɗaya hannun, sai ka ara mini naka. Kama mu raba."

"Maman yara," in ji Dattijo ƙasa-ƙasa, "kina karya dokar ikkilisiya."

"Sai ku sa ni a horo. Ga ni ma a bencin, na rage muku wahala."

Mai kiɗa ya rasa inda yake, waƙa ta tsinke. Direba ya ɗago hannu, ya kama. Gurasar ta rabu biyu, nasa ya fi girma. Ta jefa nata a baki tana taunawa, tana bin masu kallonta da ido ɗaya bayan ɗaya har suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya riƙe nasa, hawaye na zuba a kan wuyan rigar nan, ya kasa ci. Dattijo yake kallo.

Dattijo ya daɗe a tsaye. Ya dubi hannun da yake wankewa kowace safiya, kwance a cinyarta. Sai ya juya ya karɓi farantin ƙananan kofuna daga dattijon da ke bayansa, ya zagayo ta ɗaya gefen bencin, gefen tsintsiya, inda faranti bai taɓa zuwa ba.

"Ci," ya ce wa Direba, ba tare da ya dube shi ba. "Ci ka ɗauki kofi, kafin hannuna ya gaji."