Matashin Kan Tanki

Ba yawo ne ya kai Ermanno Gilardi da 'yarsa Noemi gidan tarihin babura ba. Ran Litinin za ta fara aiki a masana'antar garinsu, cikin masu gwada sababbin babura a titunan kan dutse, ta kuma ce ba za ta sa hannu a takarda ba sai ya yarda. Kwana uku ke nan yana jan ƙafa.

Ya ja ta suka wuce baburan da aka ƙera bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka wuce na tsere da kofunansu, har ƙarshen zaure, inda wani jan babur yake tsaye da lotsattsen gefe. Rabonsa da wurin shekara talatin.

"Kin gani? A kan wannan kakanki ya faɗi. Har ya rasu yana ɗingishi."

"Baba, sau nawa zan ji labarin nan?"

"Yau dai gani za ki yi."

Tsoho Tarcisio mai gadin zauren, wanda ya yi aikin walda tare da kakan Noemi, Fulvio, ya taso.

"Ɗan Fulvio, yau kai ne a nan? Kai da ko keke sai ka duba birki sau uku? Nuna mata matashin mana."

Sai a lokacin Ermanno ya lura. A kan tankin man babur ɗin akwai wani ɗan matashin fata, duk ya koɗe.

"Uwarka ta ɗinka," in ji tsohon. "Ubanka na warkewa ka dinga kuka sai an ɗora ka. Duk Lahadi kuna zagaya tafki, kana ihu ya ƙara wuta. Ita tana bakin taga, cike da fargaba. Amma ta ɗinka."

An rubuta kada a taɓa. Ermanno ya miƙa hannu ya shafa, Tarcisio ya kau da kai. Sai ga ƙamshin fetur ya dawo masa, da ɗumin ƙirjin ubansa a bayansa.

Da suka fito, ya tsuguna gaban babur ɗinta ya daɗe yana tattaɓa sarƙa.

"Ta yi sako-sako. Kawo in ɗaure kafin Litinin."

"Wato ka yarda?"

Ya miƙe ya gyara mata igiyar hular kwano.

"In kin sauko daga dutsen ki kira ni. Kullum, Noemi."