Gamja ba ta isa Tsushima ba

Gashi ne siriri, ruwan toka, a kan farin wandon Gi-cheol. Seon-hwa ta riga shi gani, ta kau da kai.

Tun asuba suka bar Busan ta ƙasar Koriya a jirgin ruwansa na shaƙatawa, su huɗu: shi da matarsa Hye-suk, sai Seon-hwa da mijinta Dong-uk, ƙanen Gi-cheol, wanda a kamfanin yayan nasa yake cin abinci. Gi-cheol ya shirya komai, fasfo, man inji, ƙaramar tutar Japan, da rawayar tutar da ake ɗagawa har hukuma ta gama bincike. Abin da bai sani ba, a ƙarƙashin gadon ciki akwai kwando, a cikinsa kuma Gamja, tsohuwar kyanwar da mahaifiyar Seon-hwa ta mutu ta bari. Ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nata, shi ya sa ta kasa barinta.

Duwatsun Tsushima, tsibirin Japan da suka nufa, sun fara bayyana sa'ad da kyanwar ta yi kuka.

Hye-suk ce ta fito da kwandon, tana riƙe da shi nesa da rigarta. "Maigida, ashe da babbar baƙuwa muke tafe. Ina fasfonki, ranki ya daɗe?"

Gi-cheol bai dubi Seon-hwa ba, ƙanensa ya duba. "Kana da takardar allurarta?"

"Wallahi Yaya ban ma san..."

"Mutanen nan ba sa wasa da dabba. Su gan ta, su tsare jirgina, mu yi ta zama a ƙarƙashin rawayar tuta kamar masu annoba. Abokin cinikina kuma yana jirana."

"Yaya, ni zan zauna da ita a ciki," in ji Seon-hwa, da ƙyar ake jin muryarta. "Ba zan taka ƙasa ba."

"Ji 'yar ƙauye," in ji Hye-suk. "Ta zaci gonar ubanta za mu shiga."

Gi-cheol ya rage gudun inji. "Matarka ce ta kawo, kai za ka gyara."

Dong-uk ya ɗauki kwandon. Seon-hwa ta riƙe masa hannun riga, ya ɓamɓare yatsunta a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Ta tsufa ai. Zan samo miki wata, 'yar ƙarama."

Ya tafi bayan jirgi, ya juye kwandon a teku. Gamja ta iya iyo, abin da Seon-hwa ba ta taɓa sani ba ke nan. Ɗan ƙaramin kanta ya biyo kumfar jirgin, kunnuwa a kwance, har Gi-cheol ya ƙara wuta. Hye-suk ta miƙo wa Seon-hwa tsumma ta ce ta goge gashin da ke kan kujeru.

A tashar Izuhara suka ɗaure jirgi, jami'ai biyu suka hau. Ɗayan, dattijo mai ɗan jin Koriyanci, ya buɗe ma'ajiyar abinci ya ga gwangwanin abincin kyanwa.

"Akwai dabba a jirgin nan?"

"Babu," in ji Gi-cheol da sauri. "Tsohon kaya ne."

"To. Da akwai ma, sai mu rubuta, ku rufe ta a ciki har ku koma. Kada dai ta sauka ƙasa, shi ke nan."

Da jami'an suka sauka, Hye-suk ta yi 'yar dariya. "Oho, aikin gama ya gama. Ni yunwa nake ji."

Gi-cheol ya sauke rawayar tuta yana lissafa musu irin kifin da za su ci. Dong-uk ya zo kusa da matarsa, ya ce kada ta ɓata wa Yaya rana da wannan fuskar.

Seon-hwa ta zare fasfonta daga cikin huɗun da ke kan tebur. Can gefen tasha, babban jirgin fasinja mai komawa Busan yana lodi. Su ukun suna gardamar wanda ya ajiye makullin ƙofa, ta taka gadar katako, ta bi bayan masu jan akwatuna.