Tsanin Bayan Motar Sarfaraz

Wata huɗu ke nan da auren Sarfaraz da Nuzhat, amma bai taɓa fara yi mata magana ya kai ƙarshe ba tare da wani ya faɗo musu ba. Gidansu na Rawalpindi gidan yawa ne: yayyensa uku da matansu, yara kamar an kifar da kwandon 'yan tsaki, ga mahaifiyarsa mai kunnen da ke jiyo faɗuwar allura ta bayan bango. Ranar da ya tattaro ƙarfin hali zai ce wa amaryarsa idanunta sun hana shi sukuni, yana kaiwa "idanunki" matar babban yayansa ta leƙo tana tambayar wa ya ɗauki matacin shayi.

Sarfaraz kuwa mutum ne da waƙoƙin soyayya suka riga suka lalata. Abin da yake nema a duniya bai taka kara ya karya ba: yamma ɗaya tak, daga shi sai ita, babu kunne na uku.

Da ya rasa mafita sai ya juya kan tsohuwar a-kori-kurar da mahaifinsu ya bari, wadda da can ake dakon mangwaro da ita. Ya sa kafinta ya gina ɗaki a bayanta, da gado da ɗan murhu da taga. Saura abu biyu: fitilar waje, da hanyar hawa rufi. Don shi duk mafarkinsa a kan rufin nan yake. Zai kai ta kwarin Kaghan, su tsaya a bakin kogi, su hau sama da butar shayi, rana na faɗuwa a bayan duwatsu, ya ƙarasa maganar idanu.

Ya tuƙa motar zuwa Pirwadhai, wurin Ustad Dilawar, wanda ya shekara talatin yana yi wa manyan motoci da bas-bas kwalliya. Ustad ya zagaya motar yana shafa gemunsa da ya sha lalle, fuskarsa kamar wanda aka kawo masa mara lafiya.

"To, ango, me za a yi wa wannan baiwar Allah?"

"Fitila ɗaya nake so, Ustad ji. Ƙarama, ruwan ɗorawa, a saman ƙofa. Mai haske kamar na kyandir."

"Ɗaya?" Ustad ya dafe ƙirji. "Takaba take yi? Wa ya mutu? Ɗana, motar da ta fita daga hannuna da fitila ɗaya, gobe wa zai gaishe ni a unguwar nan? Ga ja, ga kore, ga masu ƙyaftawa, ga masu gudu suna bin juna kamar beraye. Zaɓi."

"Ni ba na son hayaniya."

"Ai fitila ba ta magana. Amarya za ka ɗauka ko buhun albasa?"

Nan Sarfaraz ya fara laushi. Ya tuna yadda ja ke yi wa Nuzhat kyau. Ya ce a sa ja kaɗan. Ustad ya ce ja ba ta zama ba kore, kore kuma ba ta zama ba abokan tafiya.

Sai batun hawa. Ustad ya ce ana iya huda rufin a yi ƙofa daga cikin ɗaki, sai dai damina ta farko amarya za ta kwana da laima. Ana iya ɗaukar tsanin gora mai naɗewa, a riƙa fitarwa ana mayarwa. Ko kuma a yi wa bayan motar waldar tsanin ƙarfe na dindindin.

Sarfaraz ya lumshe ido. Ya hango kansa a sama, ya sunkuyo, ya miƙo hannu. Ita kuma tana hawowa mataki-mataki, awarwaronta na ƙara, har tafinta ya shiga nasa. Ƙwalla ta kusa zubo masa.

"Na ƙarfe," ya ce. "A yi masa mataki mai faɗi a ƙasa, kada takalminta ya zame. A kewaye rufin da shinge, kada ta faɗi."

"Yanzu ka yi maganar maza!"

Ustad Dilawar irin tsani ɗaya ya iya a rayuwarsa, shi ya yi. Ranar da Sarfaraz ya zo ɗaukar mota ya tarar da fitilu sun zagaye ta layi-layi, sarƙoƙi na lilo a ƙasa suna kacau-kacau, ɗawisu biyu a ƙofa, tsani kuma ya sha fenti har da furanni. Duk wanda ya taso a wannan ƙasa ya san sunan abin da ke da tsani a baya da shinge a sama da fitilu a gefe. Amma Sarfaraz amarya kawai yake gani.

Da sassafe suka tashi. Mahaifiyarsa ta cika ɗakin bayan da tukwane da tangaran da kwalaben yaji, kamar masu hijira, ta ce dole Nuzhat ta zauna ciki ta riƙe su kada su fashe. Sarfaraz bai yi gardama ba. Mai jiran yamma, me zai dame shi da safiya?

Sun wuce Mansehra lafiya. Bayan Balakot hanya ta fara hawa, motar ta koma tafiyar kunkuru. A wata kwana ya rage gudu saboda rami, ya ji motar ta ɗan yi ƙasa, ya ce tsufa ne. A wata kasuwa ya tsaya awaki su wuce, ya ji ta ƙara nauyi, ya ce tudu ne. Sai ya ji ana bugun bangon da ke bayan kujerarsa, dum-dum-dum. Zuciyarsa ta narke. Nuzhat ce take gaishe shi! Ya mayar mata da bugu biyu masu taushi. Ta sake bugawa da ƙarfi. Ya ce a ransa, ashe haka take sona, ya danna mata ham.

Daf da magariba ya sami wurin da ya yi ta mafarki: fili a bakin kogi, itatuwa, duwatsu sun yi jawur. Ya kashe mota, ya kunna fitilun gaba ɗaya, kwarin ya ɗauki ja da kore. Ya gyara gashinsa, ya zagaya, ya buɗe ƙofar ɗaki.

Nuzhat na zaune rungume da tukunya, ta tokare tangaran da ƙafa.

"Ka ji," ta ce, don ba ta kiran sunansa, "tun Balakot ake tafiya a saman kaina."

Kafin ya amsa, wata murya ta sauko daga sama.

"Direba! Mun tsaya sallah ne ko lalacewa ta yi?"

Ya ɗaga kai. Rufinsa, rufin shayinsa, cike yake maƙil. Maza lulluɓe da barguna, buhunan gari, tukunyar gas, wani rungume da akuya, wani dattijo ya jingina da shingen yana tauna taba hankali kwance.

"Ku... su wane ne ku?"

"Fasinja mana," in ji mai akuya. "Ina kwandastanka? Tun ɗazu ba wanda ya zo karɓar kuɗi. Mun ce ko motar sadaka ce."

"Wannan ba bas ba ce! Gidana ne!"

Aka bushe da dariya.

"Gida da tsanin bas?" dattijon ya ce. "Ɗana, ni Gulab Din sunana, na tsufa ina hawa rufin mota a hanyar nan, ban taɓa taka mataki mai daɗin naka ba. Allah ya yi wa wanda ya ƙera albarka. Sai dai tuƙinka, wallahi jakina ya fi ka sauri."

"Baffa, don Allah ku sauka. Da iyalina nake."

"Mu sauka mu je ina? Ƙauyenmu na can gaba, dare na yi. Kai ka ɗauko mu."

"Ni ban ɗauko kowa ba!"

"Ka rage gudu. A nan rage gudu shi ne bismillah."

Ana cikin haka fitilun suka yi nasu aikin. Daga gangaren dutse wata tsohuwa ta hango su, ta sauko da surukarta da jarirai biyu da ƙullin kaya, tana haki tana godiya ga Allah da ya kawo motar ƙarshe. Sarfaraz ya zauna a kan matakin nan mai faɗi, ya haɗa kai da gwiwa. Rana ta gama faɗuwa ba tare da ta jira shi ba.

Nuzhat ta dube shi, ta dubi tsohuwar, ta dubi tangaran. Sai ta miƙe.

"Inna, shigo ciki, akwai gado. Ke kuma 'yar'uwa, riƙe min tukunyar nan, in ta fashe surukata za ta kashe ni." Ta gyara mayafinta ta sauko. "Ni zan koma gaba."

Da mazan suka ga mace ta nufi kujerar gaba, mai akuya da ya fara saukowa da niyyar samun wuri mai ɗumi ya koma sama da kansa.

Sarfaraz ya shiga, ya ja ƙofa. Ƙarar kogi ta yanke. A sama ana gardama kan farashin gari, a baya jariri na kuka, amma duk can nesa, bayan ƙarfe da katako. A nan ciki daga shi sai ita, hasken fitilun na wucewa ta kan kumatunta, ja, kore, ja.

Ya tayar da mota. "Na so in hau da ke sama. Na so in riƙe hannunki a kan tsani."

"Ni tsoron tsani nake yi," ta ce. "Ko kan kujera na hau jiri nake gani. Tun ranar da ka kawo motar nan nake addu'ar a yi ruwa."

Ya juyo da sauri har motar ta yi tangal-tangal. "Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"A ina? A gidanku?"

Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu, irin wadda ba su taɓa yi tare ba. Ta ɗora hannunta a kan nasa da ke riƙe da giya, ta bar shi a nan.

Aka buga rufi daga sama. "Direba! Taka ta mana, sanyi zai kashe mu!"

"Ƙauyen nasu da nisa?" Nuzhat ta tambaya a hankali.

"Sun ce can gaba."

"To kada ka saurare su," ta ce. "Tafi a hankali."