Rediyon Alhaji Yero

Ni fa tun farko ban ƙaunaci rediyon nan ba. Mijina Alhaji Yero, da ya dawo daga kasuwar shanu, sai ya hau bene a gidanmu na unguwar Alabar yana hira da iska, don irin rediyon nan ce da ake magana a cikinta a amsa maka. Shi da amininsa Mukhtari na unguwar Krofrom suka ci jarrabawa tare, suka karɓi lasisin magana ta rediyo. Duk Juma'a bayan la'asar suna kai suna hira da juna.

Sai suka ɓata a kan wani sa. Sa guda fa, jama'a! Mukhtari ya daina ɗaukar wayarsa, Alhaji ya jefa rediyo a akwati har ta lalace.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce wa ɗanmu Rafi'u, "Sayo mini sabuwa. A ƙa'idarmu, wanda aka kira a iska sai ya amsa. Ina so in roƙi gafararsa kafin in tafi."

Rafi'u ya sayo ta a wajen kasuwar Race Course, amma fanko ce, sai an loda mata tashoshi daga kwamfuta. Ya jona igiyar da ke haɗa rediyon da tsohuwar kwamfutarsa. Kwamfuta ta ce ba shi da izinin amfani da kafar da ya jona igiyar.

Na ce, "Izinin wa? Ba kai ka saye ta ba?"

"Mma, sai na sa sunana cikin waɗanda aka yarda musu."

Ya sa. Ta sake ƙi. Na ce ya kashe 'yar banzar ta huta. Ya ce a'a, tsohuwa ce, in ta mutu ba lallai ta tashi ba. Haka ya bar ta a kunne, yana canza igiya, yana zufa, Alhaji na kallonsa daga tabarma. Juma'a ta zo, la'asar ta wuce.

Alhaji ya ce, "Bari, ɗana. Wata Juma'ar."

Ranar Talata muka kai shi makwancinsa.

Ana cikin zaman makoki aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu. Da Rafi'u ya kunna ta bayan sadakar uku, igiya na nan a jone, nan take ta karɓa. Ashe izinin ya zauna tun ranar farko, kwamfutar jira kawai take a kashe ta a kunna. Yaron nan ya kifa kai a tebur ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Ni ma zuciyata ta karye, ban ce masa "ai na faɗa maka" ba.

Washegari Mukhtari ya zo gaisuwa, ya tsufa, gemu fari fat. Ya ga rediyon a kan tebur tana shuu. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Hajiya, tun da na ji ba shi da lafiya, duk Juma'a tawa a kunne take. Na ce in ya kira zan amsa."

Na ce, "Ya kira, Malam Mukhtari. Hanya ce ba ta buɗe ba."